Sunan da Ban Taɓa Amsawa a Gabanka Ba

Fagge, Kano
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga Ɗan Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Jos lafiya, ya tsare ka a hanya da bayan hanya, ya raba ka da direba mai gaggawa da abokin zama mai mugun nufi, ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka da kowa. Amin.

Wannan takarda na cusa ta cikin hannun rigar sanyin da na ɗinka maka, domin na san halinka, ba za ka taɓa ƙasan jakar nan ba sai sanyi ya kama ka. Idan kana karantawa, to Jos ta gaishe ka ke nan. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ban wuce makarantar allo ba, bokona na awon kaya ne, kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu. Inda ka ga kuskure kada ka sa min jan biro, ni ba ɗalibarka ba ce.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yana nan yadda ka bar shi. Maganar ranar Juma'a ce ta hana ni sakat. Ka tuna, mata sun cika tsakar gida sun zo yi maka Allah-sanya-alheri, sai ƙanwar babanka ta tambaye ka wai me za ka koyar a jami'ar. Ka gyara zama ka yi bayani tiryan-tiryan. Ka ce ɗalibanka su ne za su zama malaman Faransanci gobe, kuma kai ba kalmomi za ka koya musu ba, wannan akwai masu yi. Naka shi ne yadda ake amfani da magana: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, da wace niyya. Yadda ake roƙo, yadda ake ƙi, yadda ake ba da haƙuri, da lokacin da ake yin shiru. Ka ce mutum zai iya haddace harshe kaf, amma ya riƙa ɓata wa masu harshen rai bai sani ba. Har sunan abin ka faɗa, faragmatik ko me, mai kama da sunan maganin gyambon ciki.

Sannan ka juyo wajena a gaban kowa, ka ciro waya, ka ce, "Yaya ce ta fara koya min. Ina so kafin in tafi ta ba ni labaranta na Sabon Gari in naɗa, in riƙa sa wa ɗalibai."

Ni kuma me na ce? Na ce, "Ku ji fa. Shekara ashirin da biyar ana saya masa takalmin makaranta, ashe gaisuwa zai je ya koyar. Da na sani ai da gidan Hajiya na kai shi, ya sauke a wata uku."

Mata suka kwashe da dariya. Kai ma ka yi, amma na ga ka mayar da wayar aljihu, kuma ba ka sake tayar da maganar ba. Gobe da safe za ka tafi. Ba na so ka shiga ajinka na farko kana ganin na raina abin da ka ƙarar da ƙuruciyarka a kai. Baki ya ƙi faɗa, shi ya sa na ɗauki biro. Ga labaran da ka nema. Duk wautata ce, ka yi yadda ka ga dama da ita.

Kana da shekara biyu babanka ya kai ni koyon ɗinki wajen Mama Chidi a Sabon Gari, domin a lokacin duk kewayen nan babu mai yanka rigar mata kamarta. Yanzu ka san ta tsohuwa mai tabarau, amma a lokacin mace ce tsayayya, muryarta har bakin titi. Mutanen unguwa sun yi ta surutu, wai matar aure a shagon Ibo. Babanka ya ce musu ya samu hutun awa shida a rana daga tsokanata, kada wanda ya shiga tsakaninsa da hutunsa.

Ranar farko da azahar Mama Chidi ta buɗe kula, shinkafa da miyar kifi, ƙamshi ya cika shago. Ta ce, "Binta, zo ki ci." Ni ko karyawa ban yi ba saboda ɗoki. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, na gode, na ƙoshi." Ina jira ta sake tayi in sake ƙi, a na uku ta ja hannuna, kamar yadda ake yi a gidan kowane mutumin kirki. Sai ta ce, "To." Ta cinye tas, ta kora da ruwa, ta rufe kula. Kwana uku ana haka. Ina taka keke cikina yana amsa masa. Na koma gida na ce wa Hajiya mahaifiyata, matar nan ta iya ɗinki, amma ban taɓa ganin marowaciya irinta ba.

A rana ta huɗu jiri ya ɗebe ni ina guga. Da Mama Chidi ta gane dalili sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke, kina jin yunwa kika ce kin ƙoshi? Ni na ɗauka ƙyamar abincin Kirista kike, shi ya sa ban matsa miki ba." Ka gani, ni ina can ina zarginta da rowa, ita tana nan tana haɗiye ɓacin rai tana kiyaye min addinina. Kuma a cikinmu babu wadda ta yi kuskuren Hausa, duk abin da muka faɗa daidai yake. Na rama dai. Ranar da ta fara zuwa gidanmu ta ce ta ƙoshi, Hajiya ba ta yarda ba, ta yi ta ƙara mata tuwo har sai da ta kwance ɗaurin zane, tana hararata ina kallon rufi.

To ka fara da wannan. Kafin ka ɗora musu yadda Faransawa suke tayi da yadda suke ƙi, ka tambayi kowane ɗalibi yadda ake yi a gidansu. Jos ce, za ka samu kowa da kowa a aji ɗaya. Ka kawo faranti na gaske, ko da gyaɗa ce a ciki, ka sa su biyu-biyu su yi wa juna tayi a gabanka, za ka ga wanda zai wuni da yunwa. Wanda bai san cewa nasa ma al'ada ce kawai ba, yana ɗauka haka aka halicci ladabi a duk duniya, ba zai iya koya wa yara na wasu ba. Mama Chidi ba ta ba ni yadin mutane ba sai da na ɓata takardar siminti ta fi a ƙirga. Ajinka shi ne takardar simintinsu, ka bar su su yi ɓarnar a nan.

Cikin shekara uku bakina ya buɗe da yarensu. Ka san ni da kwaikwayo. Na iya gaisuwa, na iya ciniki, na iya zagin wasa, har muryar mijinta Papa Chidi na iya idan yana faɗa da mai gyaran janareta. Na taɓa laɓewa bayan labule na daka wa 'yan shago tsawa da muryarsa, duk suka miƙe tsaye, ɗaya har da ɓoye gyaɗar da take ci. Mata masu kawo ɗinki suna cewa ba don mayafina ba sai su rantse daga ƙauyensu na fito. Suka fasa min kai.

Da Mama Chidi ta haifi 'yarta ta ƙarshe aka yi taro a gidansu, aka gayyace ni. Dattawan garinsu mazauna Kano sun cika falo. Na shiga na gaishe su ɗaya bayan ɗaya da yarensu, suna ta murna suna cewa in sake. Sai aka fito da goro a ɗan faranti aka fara zagayawa da shi. Na ga kowa taɓawa kawai yake ya miƙa gaba, na ce a raina waɗannan ba su san daɗin goro ba. Da ya iso kusa da ni na miƙa hannu na ɗauki ɗaya, na fasa da farce, na jefa ɓari a baki, na ce da yarensu, "Tunda kunya kuke ji, bari in buɗe muku hanya."

Wani tsoho mai jar hula ya ajiye sandarsa a hankali ya dubi Papa Chidi, ni ko kallo ban ishe shi ba. Ashe a wajensu goro ba abin tauna ba ne kawai. Sai an nuna wa kowa, ya koma hannun babba, ya yi addu'a a kai, shi zai fasa, kuma mace ba ta fasawa a gaban maza. Ni na shiga tsakiyar addu'ar mutane da haƙorana.

Abin da ya zauna min shi ne maganar da Mama Chidi ta yi min a kicin tana zuba min shinkafa, don duk da haka sai da ta ciyar da ni. Ta ce, "Da ba ki iya yarenmu ba, dariya za su yi su ce baƙuwa ce. Amma kin gaishe su kamar 'yar gida. 'Yar gida in ta yi haka, da gangan ta yi."

Ka riƙe wannan da kyau, domin ɗalibanka masu ƙoƙari su ne a cikin haɗari, ba masu in-ina ba. Mai in-ina kowa yana yi masa uzuri. Wanda bakinsa ya goge, in ya taka mutane ba za a ce bai sani ba, cewa za a yi ba shi da tarbiyya. Idan ka ga ɗalibi yana zuba Faransanci kamar rediyo, kada ka tsaya a tafi. Ka tambaye shi yadda zai shiga gidan mutane, wa zai fara gaisarwa, ina zai sa hannunsa. Kai ma ai ba ka tsira ba. Ka manta baturiyar nan malamarku da ta kawo kumatu za ta gaishe ka, ka yi tsalle da baya har ka ture kujera? Kai ka ce min kwana biyu baiwar Allah tana shinshina rigarta. Ka ba su wannan ma, kada ka baje nawa ka ɓoye naka. Kuma ka tuna, Faransancin da yawancin yaransu za su ci karo da shi ba na Turai ba ne. Na matan Kwatano ne masu kawo atamfa kasuwar Kwari, da direbobin Nijar, da 'yan Kamaru. Kowanne da nasa ladabin, littafi ɗaya ba zai ɗauke su ba.

Na uku shi ne mai nauyi, ban taɓa ba ka shi ba. Kana aji biyu a sakandare Papa Chidi ya rasu. Na je ranar, na zauna, na ba Mama Chidi haƙuri, wannan duk na yi daidai. Amma ba a binne shi a ranar ba kamar namu. Aka ajiye shi a asibiti wajen wata guda ana shiri, za a kai shi garinsu. Kafin tafiya suka yi taro a ƙofar gida da yamma, ta ce in zo. Na iso na tarar da rumfa da kujeru, an yi anko, hotonsa a ƙirjin kowa, ga kuloli a jere, ga masu waƙar coci da ganga. Ban taɓa gani ba. Kuma ka san cutar da ke damuna, in abu ya ba ni mamaki bakina yana rigan kaina sani. Na dafa kafaɗarta a gaban 'yan'uwan mijinta na ce, "Ashe biki ne ba ki gaya min ba, ai da na ɗauro gwaggwarona."

Allah ya sani so nake in ga ta murmusa, wata guda ban ga haƙoranta ba. Ta cire hannuna daga kafaɗarta kamar mai cire zare daga riga, ta koma cikin mutanenta. Abin da na kira biki shi ne girma na ƙarshe da za ta yi wa mutumin da suka zauna shekara ashirin da wani abu. Kekenta ɗaya ta sayar don ta yi shi.

A lokacin na riga na fara nawa ɗinkin a gida, amma mako ba ya wucewa ba mu haɗu ba. Sai ga wata biyu ba ni ba ita. Da abin ya ishe ni na yi irin namu. Na sayi turmin atamfa mai kyau, na roƙi Hajiya, tsohuwa guda, ta taka har Sabon Gari ta kai mata, ta ce Binta tana gaisuwa. A Fagge in babba ya je, magana ta mutu, ba sai an tona ba. Hajiya ta dawo da atamfar a leda yadda ta tafi da ita. Ta ce matar ta karɓe ta da mutunci, ta ba ta lemo, ta rako ta har titi, sannan ta ce, "Mama, ki gaya wa Binta bakin da ya yi wasan ai yana nan. Shi nake jira, ba zane ba."

Kwana huɗu ina cika ina batsewa, ina cewa ta wulaƙanta min uwa. Babanka, da ba ya shiga maganar mata, shi ya ce min yana cin tuwo, "Ke da Hausa kika ba da haƙuri, ita kuwa da Ibo ranta ya ɓaci." Bai ƙara ba, ya nemi ƙarin miya. Washegari na je. Na tsaya a ƙofar shago, 'yan koyo suna kallona, na ce, "Abin da na faɗa ranar taron Papa Chidi ba daidai ba ne. Na ji kunya. Ki yafe min." Ban taɓa ɗaukar magana mai nauyi a bakina irin wannan ba, don babu inda zan ɓuya a cikinta, babu dariya, babu ɗan aike. Sai ta turo min kujera da ƙafa ta ce, "Zauna ki kama min bakin siket ɗin nan, hannunki ya fi na yaran nan." Muka yi ta kuka muna ɗinki. Atamfar kuwa bayan mako ta aiko a karɓo mata, wai ai ba da zanen take faɗa ba.

Don haka idan ka zo kan ba da haƙuri, kada ka rubuta musu layi biyar a allo ka ce su haddace. Ka nuna musu cewa a wani wuri aike girmamawa ne, a wani wuri kuma gudu ne. Ka koya musu shiru ma, ka ba shi rana guda cur. Ni da na samu wanda ya koya min da na huta da abubuwa da yawa. Kai kanka kuma, na san ka gaji bakina ko da kana ɓoyewa. Ɗalibi zai tashi ya yi kwaɓa, aji zai zuba maka ido ka ba su dariya, maganar za ta zo maka har kan harshe da zaƙinta. Haɗiye ta. Wanda aka yi dariyarsa a gaban mutane ba ya sake ɗaga hannu. Ranar Juma'a na sake ganin haka da idona a tsakar gidana.

Saura ɗaya, kuma saboda shi na yi duk wannan dogon zagaye.

Ba a daɗe da fara zuwana shago ba Mama Chidi ta so ta daina ce min Binta. A wajensu mace in ta haihu da ɗanta na fari ake kiranta, kuma girma ne. Ita kanta sai da muka shekara biyar kafin na san ainihin sunanta. Sai ta fara kirana Mama, ta ɗora sunanka a kai, da ƙarfi, daga wannan kusurwa ta shago zuwa waccan. Ni kuwa ka san yadda aka rene mu. Ɗan fari ba a faɗar sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna shi a gaban mutane. Hajiya har gobe ba ta kiran yayana da sunansa. Shi ya sa ka zama Ɗan Hajiya. Kai kuma ka tashi kana jin ƙannena suna ce min Yaya ka ɗauka, ban hana ka ba, ya ma zo min da sauƙi.

To in ta kira ni da sunan nan sai in yi kamar ban ji ba. Ta kira sau uku, ina ta taka keke. In ta gaji ta ce Binta, in ce na'am. Ta daɗe tana ɗauka ba ni na haife ka ba, riƙo aka ba ni. Ranar da ka zo shago da katin jarrabawa ka yi na ɗaya, kana aji huɗu na firamare, ka miƙo min da hannu biyu. Na ce, "To, ajiye can kada mai ya ɓata shi." Ita ce ta sure ka ta zagaya shago da kai tana waƙa, ta saya maka biskit. Bayan ka fita ta rufe ni da faɗa, wai wace irin zuciya ce da ni, yaro ya kawo min na ɗaya. Na zauna na yi mata bayanin kunyarmu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ni na gane. Shi fa, wa ya yi masa bayani?"

Na yi dariya na ce ai ɗan Hausa ne, a jininsa yake. Katin nan kuwa yana nan. Yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan aurena, shi da duk waɗanda suka biyo bayansa. Ba ka sani ba, domin ban taɓa bari ka sani ba.

Ban ce kunyarmu banza ce ba. In ka ba ɗalibanka wannan labari ka gaya musu gaskiya, macen da ba ta faɗar sunan ɗanta ba ƙinsa take yi ba. Amma ka ɗora musu tambayar Mama Chidi a kai, su tafi da ita gida, don ni shekara ashirin ta ɗauke ni ban amsa ba.

Ranar Juma'a ai Mama Chidi tana wurin, a kujerar roba kusa da randa. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Da na raka ta neman adaidaita, muna tsaye a bakin titi ta ce, "Har yanzu ba ki daina ba."

Na ce, "Wasa ne, ya san halina."

Ta ce, "Ya san halinki, shi ya sa ya roƙe ki a gaban mutane, ko za ki ji nauyinsu ki ce to. Yaron nan digiri uku ya yi a kan abin da ni da ke muka yi ta karo a kai a shago. Daga ina kike tsammani ya samo? Yana ƙarƙashin tebur yana tsintar ƙyalle yana jin mu."

Na ce, "To ai na ji daɗi. Allah ya sani na ji daɗi."

Ta ce, "Allah ya sani. Shi ne bai sani ba." Mai adaidaita ya tsaya, ta tattara zane ta shiga, sannan ta leƙo ta ce, "Kuma kada ki aika masa atamfa."

Na so in faɗa da baki. Ranar Lahadi na shigo ɗakinka kana haɗa littattafai, na tsaya, ka ce, "Yaya, lafiya?" na ce almakashina nake nema. Yana hannuna. Jiya ma na zo, na ɓuge da cewa wandonka ya yi maka gajere. Na san takarda ma 'yar aike ce, Mama Chidi za ta ce na yi wayo. Amma hannuna ne ya rubuta, babu wanda ya taya ni, kuma ba zan sa dariya a cikin abin da ke tafe ba.

Abin da na faɗa ranar Juma'a ba daidai ba ne. Na ji kunya. Ka yafe min.

Aikin da za ka yi babban aiki ne. Ni na san abin da rashinsa yake jawowa. Ya bar ni da yunwa, ya kunyata ni a gaban dattawa, ya kusa raba ni da aminiyar da ba ni da kamarta. Idan ɗalibanka suka fita, kowanne ya tsaya a gaban nasa ajin ya koya wa yara yadda za su shiga cikin mutanen da ba nasu ba ba tare da sun taka kowa ba, to ka yi abin da ya fi duk ɗinkin da na yi a rayuwata. Ina alfahari da kai. Tun ranar katin nan nake yi, da ma kafinsa.

Kuma na gode. Na gode wa Allah da ya ba ni kai ina 'yar shekara goma sha tara mai rawar kai, ya raya min kai har na ga wannan rana. Na gode wa babanka da ya toshe kunne ya kai ni Sabon Gari. Na gode wa matar nan da ta ciyar da ni, ta koya min sana'a da abacada, ta kuma yi ta gaya min gaskiya shekara kusan talatin ba ta gaji ba. In ka sauka ka kira ta, ka san za ta jira. Kai kuma na gode maka da ka dubi wautar da na yi ta tafkawa ka ga ilimi a cikinta, har ka tsaya a gaban mata ka ce ni na fara koya maka. Babu wanda ya taɓa ɗaga ni haka. Nauyin abin ne ya sa na yi wasa, ban san inda zan sa fuskata ba.

Batun naɗar murya na yarda. In ka zo hutu ka kawo wayar, mu je shagon Mama Chidi a zauna da ita, don in na ba da labarin ni kaɗai za ta ce na rage laifina. Kafin nan ka karanta musu wannan in ka ga dama, sai dai ka tsallake wurin kukan.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaida maƙwabtanka ko ba su gaishe ka ba, ka kuma lura da yadda suke yi wa junansu kafin ka yanke musu hukunci. In an yi maka tayin abinci kana jin yunwa, ka ci tun a karo na farko.

Allah ya tsare ka a shigarka da fitarka, ya kare ka daga sharrin bakin mutane, ya kare mutane daga sharrin bakinka. Ya sa albarka a ajinka da ajin waɗanda za su fito daga hannunka. Ya dawo min da kai lafiya, ya same mu lafiya. Babanka yana sa maka albarka, Hajiya ta ce kada ka yi wanka da ruwan sanyi.

Sunan nan da ake kirana da shi a Sabon Gari, wanda ban taɓa amsawa a gabanka ba, ka sani duk ranar da Mama Chidi ta kira ina amsawa a ciki. Yau ga shi da hannuna.

Wassalam,
Mama Nasiru